Motar Baba Mai In'ina

Gwaggo Salamata, don Allah ki taimake ni. Abin nan ban faɗa wa kowa ba, ko Daada kakata da muke ɗaki ɗaya. Ni na ɓoye ƙarafunan buga lamba na bakanike Salifou a cikin buhun geron Daada, ga shi har yau ana nemansu.

Babana Hammajoda direba ne, yana ɗaukar mutane daga Sokode zuwa Dapango da wata mota wadda ta girme ni. Yana wanke ta kafin ya wanke fuskarsa. In ta yi tari, duk gidan sai mu yi shiru. Aibinta ɗaya ne: can ƙasar Turawa, wanda ya buga mata lamba a jikin inji ya buga bakwai sau biyu, ɗaya na hawan ɗaya. Ban sani ba ko atishawa ce ta kama shi. A takardar mota kuwa bakwai ɗaya ce. Tsofaffin jandarmomin hanya sun saba, ko bonet ba sa buɗewa. Amma tun da soja suka karɓi mulki aka kawo wani sabon jandarma shingen Dapango. Ya ga bakwai biyu, ya ce injin sata ne, ya shanya Baba a rana tare da fasinjoji da awakinsu, ya ce in ya sake gani motar ba za ta koma Sokode ba.

Direbobin tasha kuma suka sa mata suna Mai In'ina. Baba ya fi jin zafin sunan a kan shanyar. Shi ne ya aro magagari da ƙarafunan Salifou, wai zai goge lambar duka ya buga sabuwa tsaf. Mutumin da ko ƙusa ya buga sai ta karkace!

Gwaggo, ni ma ina da in'ina. Shi ya sa na rubuto, a takarda ba na maimaita komai. An ba ni rubutu na sha har cikina ya gaji, malamin lekwal, makarantar boko, ya yi ta buga min rula. Ba abin da ya gyaru, sai dai na daina magana. Ina tsoron gyaran motar ma haka zai ƙare, a kama ta, Baba kuma ya tafi kurkuku. Yanzu aljanu yake zargi da ɗauke ƙarafunan. Na bar shi da su. Na riga na yanke ba zan fito da ƙarafunan ba. In geron ya ƙare, sai in mai da su cikin masara.

Mai Shiru, Zongon Sokode

'Yata Mai Shiru,

Na yi dariya har mayafina ya zame, amma maganarki ba ta wasa ba ce. Kin yi gaskiya. Kuskuren masana'anta yana da shaidarsa: zurfin bakwai biyun ɗaya, tsatsarsu ɗaya, tsohon fenti ɗaya ya rufe su. Ƙarfen da aka goge kuwa ƙyalli yake yi, ko shafawa aka yi an san an taɓa shi. Yau babanki mai gaskiya ne da ake zargi. Ranar da ya goge, ya miƙa wa jandarman hujja da hannunsa.

Sai dai kada ki raina tsoronsa. Motar nan ita ce tuwonku, kuma shanya a gaban fasinja ba ƙaramin abu ba ne ga magidanci. Salifou ma bai yi miki komai ba, da ƙarafunan nan yake ci. Aljanu kuma ki sauke musu wannan laifin, nasu ya ishe su.

Ki faɗa wa Daada. Ita ta haife shi, ita ce in ta ce ya zauna zai zauna. Ta mayar wa Salifou kayansa hannu da hannu, ta hana shi sake ba da aro. Babanki ya kai motar Lome wurin waɗanda suka shigo da ita, su duba, su ba shi shaidar cewa haka ta fito. Sannan sarkin tasha ya raka shi wurin shugaban jandarmomin Dapango.

In harshe ya sarƙe miki a gaban Daada, ki maimaita, tsohuwa ba ta da inda take saurin zuwa. Motar nan da bakwai biyunta take kai mutane Dapango tun ba a haife ki ba, kuma ba ta taɓa ɓata hanya ba. Allah ya kiyaye hanya, ya bar mana ku yadda kuke, ke da ita.

Gwaggo Salamata