Na Sayar Da Saniyar 'Yata, Na Hau Babur

Assalamu alaikum Malama Amatullahi. Don Allah ki agaza min da shawara kafin Juma'a. Daga kan tabarma nake rubuto miki, kwance a gefe ɗaya, don shekaranjiya saniya ta ɗaga ni ta zuba a kwamin ruwa. Ni na jawo wa kaina: koya mata nake ta amsa sunan da ba nata ba. Ni da na tsere daga makaranta a aji biyu na sakandare, wai yau ni ne malamin saniya.

Ga tushen maganar. Mahaifina, marigayi Alhaji Kabo, makiyayi ne a wajen Baure. Da karsana biyu ya fara, ya bar garken da har yau muke shan nononsa. Bai iya rubuta sunansa ba, amma ya san kowace saniya da uwarta da kakarta. Kunnen shanu ne littafinsa: wadda ya ba ɗa sai ya tsaga mata kunnen hagu, ta jika kuwa kunnen dama. Ranar da 'yata Murjanatu ta sauke Alƙur'ani ya ba ta farar maraƙa, ta sa mata suna Kyauta. Ni dai tun ina yaro ƙaho ya koro ni birni, faci nake yi kusa da Kusugu.

Bayan Sallah na ga wani babur a Mashi, ya hana ni sakat. Ƙanena Badaru, mai kula da garken, yana biki a Nijar. Na kira shi a waya zan sayar da saniyata, ya ce tawa ita ce fara mai tsaga a hagu. Na je na tsaya gaban shanu ido da ido, na duba haguna. Malama, ashe haguna damanta ne! Kafin Badaru ya dawo ya riƙe baki, Kyauta tana cikin tirela ta nufi Kudu.

Na sayar da ragunana na sayo wata fara mai kama da ita, aka tsaga mata kunne. Sai dai Murjanatu tana karatun lafiyar dabbobi, kuma duk hutu garke take fara zuwa, ta tsaya ta kira Kyauta, saniyar ta baro 'yan'uwanta ta zo ta ɗora kai a kafaɗarta. Ta kan ce idan ta shafa tsagar nan kamar ta taɓa hannun kakanta ne. Mako biyu ina kiran baƙuwar da dusa da kanwa. Dusar ta cinye, amsar kuma tana ƙuguna. Uwar Murjanatu ta ce ba ruwanta, kuma ba ta iya faɗa sai da dariya.

Juma'a yarinyar za ta iso. In ƙara ƙaimi a darasi, ko in ce saniyar ta kurumce?

Ɗan Makiyayi Mai Babur, Daura

*

Wa alaikumus salam, Allah ya ƙara sauƙin ƙugu. Na yi dariya, amma ka rufe makarantar nan yau. Saniyar ma ta ƙi shiga ƙaryar, kai kar ka shiga.

Ban ɗauke ka ɓarawo ba, kuskure ka yi, kuma tsoron ɓata ran 'yarka ya nuna kana ƙaunarta. Amma tsaga kunnen baƙuwar ba kuskure ba ne. Alhaji Kabo ya yi wannan shaida ne don kada haƙƙin wani ya shige na wani, shi ne gadon da ya fi shanun.

Ka tari Murjanatu a tasha, ka gaya mata da bakinka kafin ta tsaya gaban garke tana kira shiru. Za ta yi kuka, ka bar ta, kar ka sa wasa a ranar. Sannan ka tuna taka saniyar tana nan, kuma tsagarta hannun kakan Murjanatu ne ya yi. Ita za ka ba ta, kai ka riƙe ɗalibarka. 'Ya'yan da Kyauta ta bari dama nata ne, kar ka lissafa su cikin biya.

Saura abin da Alhaji ke binka: ka ɗauke ta a babur ɗin duk hutu, ita da Badaru su koya maka garken ubanka saniya bayan saniya. Idan aka zo kan hagu da dama, ka tsaya ta baya, amma da ɗan nisa. Allah ya ji ƙan Alhaji, ya sanyaya zuciyar Murjanatu.