Ƙwayoyin da ke cikin gafakar Baba

Assalamu alaikum Yaya Sani,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kana lafiya, da Anti Balki da yara. Ya aiki, ya zaman Fatakwal? Mutanen Aujara duk suna gaishe ka.

Ranar Laraba Baba ya faɗi yana alwalar la'asar. Mun kai shi asibiti a Dutse, likita ya ce jininsa ne ya hau har ya taɓa wata jijiya a ƙwaƙwalwa. Yanzu yana magana, amma hannun dama ba ya ɗaguwa.

Likitan ya tambaye ni ko yana shan maganinsa. Na ce da hannuna nake ba shi kullum bayan karin kumallo.

Da na koma gida ɗauko masa kaya, na buɗe gafakarsa, sai ga ƙwayoyin maganin a ƙulle cikin leda, sun fi na wata uku. Yaya, kullum sai ya karɓa, ya kai hannu baki, ya kurɓi ruwa, ya ce, "Allah ya yi miki albarka." Ashe a tafin hannunsa suke zama.

Na nuna wa Inna, ta sunkuyar da kai. "Ya ce suna kashe masa jiki. Shi ya hana ni faɗa miki."

Ina jinyarsa, amma har yau na kasa haɗa ido da shi. Ka sa shi a addu'a, ni ma ka roƙa mini Allah ya sanyaya zuciyata. A shafa mini kan yara.

Ƙanwarka,
Hadiza