Ƙorafi Kan Shanun Nababa da Aka Ƙirga Sau Tara

Zuwa ga:
Mai Girma Shugaba,
Kwamitin Rage Hayaƙin Noma da Kiwo,
Shiyyar Kano ta Arewa.

Daga:
Abdurra'uf Umara,
Ɗorawar Malam, ta hanyar Tsanyawa.

17 ga Fabrairu, 2025.

Ranka ya daɗe,

GAME DA: KASON ISKAR KABON DA AKA ƊORA WA ƘAUYENMU, DA DOKAR HANA SHANU KWANA A GONA

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ni malamin makaranta ne kuma manomi. A jami'a na karanta labarin ƙasa, don haka ba na cikin masu musun cewa duniya tana ɗumama, ko cewa gyatsar saniya tana da hannu a ciki. Lissafi kawai nake ja da shi.

1. Ranar 10 ga wannan wata wakilin kwamitinku ya karanta mana rahoto a ƙofar gidan mai unguwa. Ya ce fiye da rabin iskar kabon da noma da kiwo ke fitarwa a mazaɓarmu daga Ɗorawar Malam take tashi, saboda muna da shanu ɗari uku da sittin. Jama'a sun yi murna ƙwarai, don ba mu taɓa zuwa na ɗaya a komai ba. Wasu har sun fara tambayar inda aka ajiye shanun.

2. Ranka ya daɗe, shanun arba'in ne, kuma duk na mutum ɗaya ne, wani makiyayi mai suna Nababa. Tun zamanin mahaifinsa, idan an gama girbi garken nan yakan sauka a gonakinmu bi da bi. Shanu su ci kara, su kwana, su bar taki, mai gona ya ba da damin gero, sai garke ya matsa gona ta gaba. Da haka ƙasar nan ta kai yau tana haihuwa, ga yawan mutane ga ƙarancin fili.

3. Ma'aikatanku, ƙarƙashin Malama Rumaisa, sun yi ta zuwa cikin watan Janairu, kuma na shaida sun yi aiki da natsuwa. Sai dai duk zuwa, gonar da suka hango shanu suke nufa, su tambayi mai gonar ko shanun na wane ne. Kowa ya amsa da kalma guda: “Namu ne.” A nan nake roƙon a saurare ni. A wajenmu baƙon da ya sauka a gonarka ba ka nuna shi da yatsa a gaban wani baƙo ka ce ba naka ba ne. Nababa namu ne, matarsa tamu ce, shanunsa namu ne, kamar yadda masallaci yake namu ba tare da kowa ya yi niyyar sayar da shi ba. Ba zan ɓoye ba, mutum biyu sun ƙara ƙarfin murya da suka ji ƙishin-ƙishin za a raba dusa. Haka wata jar saniya mai karyayyen ƙaho ta shiga rahotonku sau tara. Ita kanta ba ta san ta yi wannan gyatsar ba.

4. A kan wannan lissafi kwamiti ya hana shanu kwana a gonakin ƙauyenmu, aka kuma ba mu shawarar komawa takin zamani. Na tambayi wakilin ko masana'antar da ke yin takin zamani da addu'a take aiki. Ya ce wannan hayaƙin ba a mazaɓarmu ake rubuta shi ba. Na gamsu da amsar matuƙa, gonata ce ba ta gamsu ba.

5. Gonata ce ta goma a layi, kuma ita kaɗai garken bai kai ba kafin dokar ta fito. Saboda haka rahoton ya ambace ni da suna a matsayin manomi abin koyi, wanda gonarsa ba ta fitar da komai. Wannan gaskiya ne, kuma idan aka bar ta haka, bana ma ba za ta fitar da komai ba, har da gero. Yashi ce fara fat. Uwargidana Sa'adiyya ta tambaye ni ko yabon kwamiti yana tuƙuwa.

Abin da ya sa na gaggauta rubutu shi ne, Nababa ya gaya mini ba zai zauna inda ake ƙirga numfashin shanunsa ba. Mutanen wajen Shanono sun yi masa tayi, kuma ya ce da ƙarewar wata zai kora. Makiyayi idan ya sami sabon masauki ba ya waiwaye. Shekara mai zuwa ba gonata kaɗai za ta zama abin koyi ba.

Don haka nake roƙo cikin ladabi:

(a) A sake ƙirga shanun a rana ɗaya, a wuri ɗaya, kuma a tambayi Nababa da kansa.

(b) A gyara kason ƙauyenmu. Abin da shanu arba'in suka fitar mun karɓa, za mu kuma zauna da ku a nemi hanyar rage shi.

(c) A ɗage dokar kafin 28 ga Fabrairu.

Idan duk waɗannan sun yi wa kwamiti nauyi, ina roƙon alfarma ɗaya tak: a cire sunana daga cikin mutanen kirki, a ba ni izini in ɓata iska na mako guda daidai gwargwadon maƙwabtana. Na riga na ware damin geron, yana nan a bakin rumbu.

Allah Ya ƙara wa Shugaba lafiya da basira. Ka huta lafiya.

Naka mai biyayya,

Abdurra'uf Umara
Manomi abin koyi, ba da son ransa ba.