Tokar Jirgin Baba

Komiža, 12 ga Nuwamba

Zuwa ga Yayata Perina,

Gaisuwa mai yawa tare da fatan kina lafiya. Ya gwiwar taki? Ya maigida da yara, ya zaman Ostireliya? Mu nan lafiya lau, ni kaɗai ce hankalina bai kwanta ba.

Kin riga kin ji Fada, limamin cocinmu, ya roƙi a ba da jirgin ruwan Baba, a ƙona shi a gaban coci ranar Waliyyi Nikola kamar yadda ake yi kowace shekara, tunda bana ba a sami wani tsohon jirgin ba. Saura kwana ashirin da huɗu. Ku huɗu kun ce a'a, su Yaya Dinko huɗu sun ce a ƙona. Ni ce ta tara. Jiya Yaya Dinko ya tare ni a bakin ƙofa ya ce, "Auta, ke da kika yi digiri a kan adana ruɓaɓɓen katako, sai ki raba mana gardama." Kowa ya yi dariya, ban da ni.

Na je na auna shi, Yaya. Tsawonsa mita takwas da rabi, katako bakwai ne kawai suka ruɓe. Wani gidan tarihi a birnin Split ya ce zai karɓa. Shekara arba'in da ɗaya Baba yana fita su da shi, da shi ya ciyar da baki goma sha ɗaya. Kin tuna ba ya kai loma baki sai ya ƙirga kawunanmu? Kin tuna Lahadin nan da kifin sadin ya cika gaɓa, maƙwabta suka ruga da taru, shi kuwa ya sa farar rigarsa ya tasa mu gaba zuwa sujada? Yana da shekara sittin da takwas yana jan taru don in gama karatu, ga shi na gama wata biyar da suka wuce, babu shi babu Inna.

Ki kwantar da hankali, ina bayanki. Ki gaida kowa.

Taki ƙanwa,
Lukre

Komiža, 25 ga Nuwamba

Yaya Perina,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku duka, ina roƙon ki karanta wannan har ƙarshe kafin ki yi fushi.

Ranar Talata ina share ɗakin gishiri inda Inna take jera sadin a ganga, sai na tarar da gwangwani cike da ƙananan hankici, duk sun yi baƙi. Na ƙirga sau biyu: arba'in. Na kai wa Goggo Keka, tsohuwar nan ta bayan gidanmu, ƙawar Inna. Ta ɗaga ɗaya ta shinshina ta ce, "Yarinya, duk bokon naki ba ki san toka ba?"

Ashe kowace shekara in wutar jirgin da aka ƙona ta mutu, Inna takan ƙulle toka a hankici, ta sauka gaɓa ta shafa wa goshin jirgin Baba, tana jan carbi tana kiran sunayenmu ɗaya bayan ɗaya. Na san ana shafa wa sababbin jirage, amma ban san ita duk shekara take yi ba. Na ce, "Goggo, ai ya kamata su zama arba'in da ɗaya." Ta ce, "Shekarar da aka haife ki tana kwance da jego, ni na ɗebo mata a gefen zanena. Kin ji inda ɗayan ya tafi, sarkin lissafi."

Sai ta kama hannuna ta ce, "Jirgin mijina ma an ƙona. Na yi kuka kamar raina zai fita. Uwarki ta zo ta durƙusa gabana ta ce, Keka, ki yafe mini, ina da maza biyar a kan ruwa. Na ce ɗebi. Dukansu ba ga su nan ba, suna ta ja da ke?"

Yaya, ban iya tabbatar da cewa toka tana tsare jirgi ba, kuma ba zan rubuta abin da ban tabbatar ba. Abin da na tabbatar shi ne, gidaje arba'in da ɗaya sun ba da nasu, Inna ta ɗiba, mu ba mu taɓa ba da namu ba. Na san burinki ki dawo ki nuna wa 'ya'yanki inda Baba yake zama. Na gaya wa Yaya Dinko na amince a ƙona. Ki yafe mini.

Taki,
Lukre

Komiža, 7 ga Disamba

Yayata abin ƙaunata,

Ina gaishe ki, ina fatan jiki da sauƙi. Na ji kin kira Yaya Vinka ba ki nemi magana da ni ba. Ban ga laifinki ba.

Jiya da ƙarfe tara da rabi aka ja jirgin zuwa gaban coci. Fada ya yi addu'a ya miƙa wa Yaya Dinko wuta. Mutumin da ya yi wata guda yana cewa katako ne kawai, sai ga shi ya tsaya riƙe da wutar bai kunna ba. Ya juyo ya ce, "Auta, karɓi. Wallahi na kasa." Ni na kunna, Yaya. Ni da ba na iya kunna murhu sai na duba sau uku.

Minti hamsin da biyu ya yi yana ci. Tsofaffin masunta suka cire huluna. Wani ya kira sunan Baba ya ce, "Vicko ko a wuta ba ya gaggawa," muka yi dariya muna share hawaye.

Na yi niyyar in ƙulle miki toka kaɗan in aiko. Kafin in matsa, mata sun durƙusa da hankicinsu, har da wata amarya da mijinta bai daɗe da sassaƙa jirgi ba. Kowacce sai ta ɗago ta dube ni, kamar tana neman izini. Na ƙirga su, goma sha tara. Na ce wa kowacce ɗebi.

Shi ya sa ambulan ɗin nan takarda ce kawai a ciki. Ko cikin cokali bai rage ba.

Ƙanwarki mai jiran amsa,
Lukre