Na Sa Muryar Maccido a Katun

Anti Kaltume dan Allah ki taimakeni. Ni da nike ba mutane dariya, yau gani na kasa hadiye tuwo.

Duk Unguwar Rogo ba wanda bai sanni ba. In na kwaikwayi muryar mutun ko uwar da ta haifeshi sai ta amsa. To diyar kanena Shamsiyya tana hada katun, irin zanen nan mai motsi, a waya, tac ce inzo inyi mata murya. Katun din minti hudu ne, wani mutun mai magana irin ta mata, in anka zamna ciyayya sai a ware mishi kwano daban. Nic ce wanga ai sauki, nid dauko muryar Maccido.

Maccido abokina ne tun muna yara. Tare muke tahiya Hubbare kallon baki yan ziyara, mu dawo ya dahwa muna danwake. Wallahi Anti har yau banci irin nashi ba, yajin nan da man gyada. Haka Allah yay yi shi, magana a lankwashe. Da munka girma anka fara ce mishi dan daudu. Ni ko sai in tashi cikin majalisa inyi tahiyarshi da muryarshi, ana faduwa dan dariya. Wata rana Lawwali dan majalisarmu yat ture mishi kwano gefe, ni kuma nig gyara zama nic ci gaba da cin tuwona. Maccido bai sake zama damu ba, yak koma Sabon Gari yana tuyan masa. Shekara sha tara kenan.

Karshen katun makwabta sun maido kwanon tsakiya, matata har hawaye tayi. Amma yan unguwa muryar kadai sunka ji, sunata turawa a wasaf wai ga Maccido. Shekaranjiya yat turo min sako, wai ashe ban mance muryarshi ba, ya gode. Ko zagi babu. Wagga godiya ta hanani sukuni. In na tahi wurinshi majalisa su ce nima na bi layi, gani da iyali. In ban tahi ba, ban san ba. Mi zanyi?

Sarkin Barkwanci, Unguwar Rogo

AMSA

Sarkin Barkwanci, tsoronka ba na banza ba ne. Bakin unguwa yana da zafi, kuma kana da iyali. Amma 'yan majalisa za su yi maganarka mako guda su gaji. Maccido shekara sha tara yake ɗauke da tasu, da taka.

Ban tambaye ka yadda yake rayuwarsa ba, kai ma ba a ɗora maka wannan hisabin ba. Abin da ke wuyanka shi ne ka ɗauki muryar mutum sau biyu ba da izininsa ba. Shamsiyya ta zana tausayi, kai ka sa masa tsohuwar dariya.

Ka faɗa mata gaskiya, ta cire muryar ta sa wata. Wanda ya bazu ba zai dawo ba, amma kada ku ƙara.

Sannan ka je Sabon Gari da rana tsaka, ido na ganin ido. Ka nemi gafararsa da muryarka ta kanka, ba wasa a ciki. Zai iya ƙin yafewa, haƙƙinsa ne. In ya zuba maka masa, kada ka ce a ƙulle maka a leda. Zauna ku ci a kwano ɗaya.

Allah Ya sanyaya zukatanku.

Anti Kaltume