Mazarin Legas Ya Ci Amanata

Yaya Sani,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ya damina? Ya ƙafar Inna, ya su Hadiza da yara? Allah ya sa kowa lafiya.

Ni dai raina a ɓace yake. Makon jiya rana ta buɗe a Agege, sai ga mazari da malam-buɗe-littafi sun cika bakin layin dogo. Ina kallonsu na tuna maganar Baba, wai in sun yi yawa haka, damina ta naɗe tabarmarta. Na rantse wa maigidana Alhaji ruwa ya ƙare, muka shanya barkononsa a kan rufin kwano. Yaya, kafin la'asar aka kece da ruwa! Yau barkonon duk ya yi funfuna.

Alhaji ya ce, "Kai da ka koya wa kanka karatun jarida, yanzu ƙwari kake karantawa? Nan Legas ce!" Ya sallame ni.

Wane irin gari ne ko ƙwarinsa maƙaryata? Ku sa ni a addu'a in sami wani aikin. Ka gaida Baba, amma kada ka gaya masa. Mazarin gida bai taɓa yi masa ƙarya ba.

Ƙaninka,
Habu