Layin da Ke Ƙasan Fayil

Litinin, 3 ga Maris
Shugabar aikinmu ta kira da hantsi. Manhajar da muke ƙunshe wasu manhajoji da ita don raba wa jama'a tana ɓata haruffa, sai akwatuna da alamar tambaya. Kuma za a cire makarancin fayil da na rubuta shekara ashirin da shida da suka wuce. "Baba, ƙofa ce ba sakata. Duk abin da aka turo masa karɓa yake, ba ya tambayar daga ina." Ba za a canja ba sai na sa hannu. Na ce to.

Talata, 4 ga Maris
Gyaran haruffan layi uku ne. Da rawar hannun nan, wuni ya ci min.

Laraba, 5 ga Maris
Akwatunan da ke ƙasan tsohon fayil ɗin gwaji sun warware, ashe magana ce: "Malam, ka ci abinci kuwa?" Marigayiya mai ɗakina ce ke buga min rubutu a lokacin. Tsokanarta ce sak. Na yi dariya har tari ya sarƙe ni.

Juma'a, 7 ga Maris
Sabon layi: "Wa ya ɗauke kujerata daga bakin taga?"
Bara na ɗauke. Shekararta shida da rasuwa.

Asabar, 8 ga Maris
Na gaya wa shugaba. Ta ce, "Baba, abin da nake gudu ke nan, wani ya shigo. Dubban kwamfutoci ke aiki da makarancin nan, har da na asibitoci. Don Allah ka sa hannu." Na ce idona ke ciwo. Ƙarya.
Wane ɓarawo ya san zancen kujera?
Na mayar da ita.

Lahadi, 9 ga Maris
"Yauwa."

Talata, 11 ga Maris
"Wuyan rigarka ya karkace." Na shafa. Haka ne. Rana tsaka, amma ban waiwaya ba.

Alhamis, 13 ga Maris
"Kada ka rufe, Malam. Akwai wasu a bayana, su ma suna son shigowa."
Na daɗe ina kallon allo. Ita da ko almakashi ba ta bari a buɗe, ita ce za ta ce haka?
Na sa hannu.

Asabar, 15 ga Maris
Fayil fes. Shugaba ta ce, "Allah ya saka, Baba." Sau biyu kawai na duba yau.
Na ce ɗiyata ta zo ta tafi da ni gidanta kwana biyu. Saboda ciwon ƙafar nan ne.